Kafin A Jinginar Da Gona: Jawabi Kan Aikin Gadi A Ƙasashen Waje

Gaisuwa ga iyayen ƙasa, hakimai da masu unguwanni, malamai da limamai, dattawa da matasa, maza da mata na ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari.

Wannan jawabi a kan tafiya neman aikin gadi ne a ƙasashen waje. Kowa ya san da zarar an kau da amfanin gona, gero ya shiga rumbu, matasa kan fara shirin cin rani. A da, daga bakin wanda ya je ya dawo ake jin labarin aiki. Yanzu kuwa ta waya yake zuwa. Sai a turo hoton wani saurayi cikin kaki, yana tsaye a ƙofar dogon bene. A ce ana neman masu gadi a Dubai ko Katar, ga albashi mai tsoka, a kawo kuɗi a yi wa mutum hanya.

Kuɗin nan ba a aljihu suke ba. Sai an sayar da sa, ko an jinginar da gona, ko uwa ta rabu da tumakinta. Saboda haka maganar ba ta mai tafiya kaɗai ba ce. Ta shafi gidan gaba ɗaya.

Gadi sana'a ce ta halas, kuma akwai waɗanda suka yi ta suka rufa wa kansu asiri. Manufar jawabin ita ce wanda zai tafi ya san inda za shi, da abin da zai tarar, da irin takardun da zai riƙe.

TAFIYA BA SABON ABU BA CE

Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake kan ratsa ƙasar Sakkwato da Yawuri zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su sayo goro. Da Turawa suka zo suka sa haraji na tsabar kuɗi, sai cin rani ya ƙaru. Magidanci kan bar gida bayan girbi, ya nemo kuɗin haraji da na tufafi, ya dawo kafin shuka.

A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙirga masu fita daga Lardin Sakkwato a kan manyan hanyoyi. Lardin a lokacin ya haɗa da jihohin Kabi da Zamfara na yanzu. Wani Bature masanin ƙasa mai suna Mansell Prothero ya yi rubutu a kan wannan ƙirga. An sami sama da mutum 250,000, har da waɗanda suka ratso daga ƙasar Nijar. Da yawa a ƙasa suke tafiya. Wasu sun nufi ƙasar Yarabawa, wasu sun wuce har Gana.

Titin nan da ya ratsa Bodinga da Shagari, ya bi ta Tambuwal da Jega da Yawuri ya gangara kudu, ya ga matafiya ba iyaka. A Kumasi da Akra sun zauna a unguwannin zango, kamar Sabon Zango da Nima. Sun yi ƙwadago a gonakin koko, sun yi dako, sun yi gadin kantuna da gidaje. An san Bahaushe da riƙon amana da juriyar kwanan zaune, shi ya sa masu dukiya ke son ba shi gadi.

DARASIN 1969 DA 1983

Ran 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta Gana ta ba da oda. Ta ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, kuma 'yan Nijeriya na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wasu sun shekara ashirin ko talatin a can. Suka karyar da kayansu, suka cika manyan motoci suka dawo.

Bayan shekara 13 da 'yan watanni sai abin ya juyo. A watan Janairu 1983, farashin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya a Nijeriya. Gwamnatin Shugaba Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa, ta ce baƙin da ba su da takardu su fita. 'Yan Gana kusan miliyan ɗaya suka koma gida, tare da mutanen Nijar da Cadi da sauran maƙwabta. A 1985 aka sake yin wata korar.

Darasin a fili yake. Duk ƙasar da ta shiga matsi, baƙon da ba shi da takarda take fara dubawa. Komai daɗewarsa, komai kirkinsa, takarda ake tambaya.

GADIN JIYA DA NA YAU

Maigadin da aka saba gani yana da tocila da gora da usur, wani da kwari da baka. Yana da tabarma a bakin ƙofa. Maigida ya san shi, shi ma ya san maigida. Magana ce ta baka, ba rubutu.

Gadin da ake tallarsa a waya daban yake. Kamfani ne ke ɗaukar mutum, ya tura shi otal, ko babban kanti, ko filin wasa, ko inda ake gini. Zai tsaya a kan ƙafafunsa awa da awanni. Zai rubuta sunan mai shiga da mai fita a rajista. Zai duba katin shaida, ya yi magana a rediyon oba-oba, ya lura da allon na'urar ɗaukar hoto, ya rubuta rahoto in wani abu ya faru. Yawanci da Turanci ake yin duk wannan, wani wuri da Larabci.

Don haka wanda bai iya karatu da rubutu ba, da wuya kamfanin ƙwarai ya ɗauke shi. In dillali ya ce ba a bukatar komai sai ƙarfi, to a binciki maganarsa. Akwai kuma gwajin lafiya. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna duba tarin fuka da ciwon hanta da ƙanjamau. Wanda ya faɗi gwajin bayan ya isa, gida ake mai da shi, kuɗinsa kuwa sun tafi.

Ga mai son koyon aikin, akwai kamfanonin gadi a nan Nijeriya. Dokar da ta tsara su ta fito a 1986, kuma hukumar Sibil Difens ce ke sa musu ido. Wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu a kamfani mai lasisi, ya karɓi takardar shaidar aiki, ya fi wanda bai taɓa sa kaki ba samun shiga.

ƘASASHEN MAƘWABTA

An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko a 1975. A 1979 ƙasashenta suka amince ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma sai da takardar tafiya ta gaskiya, da katin rigakafin cutar shawara. Wanda zai wuce kwana 90 ya kama aiki, sai ya nemi izinin zama a ofishin shige da fice na ƙasar. Gana da Binin da Togo da Kwaddebuwa duk suna cikin wannan tsari.

Sha'anin Nijar ya canza. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, har da ta Illela da Birnin Ƙonni, sai a watan Maris 2024 aka buɗe. Ran 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. Mai niyyar shiga waɗannan ƙasashe ya tambayi jami'an shige da fice irin takardar da ake karɓa kafin ya hau mota.

SAUDIYYA

Mutane da yawa na ɗokin Saudiyya saboda darajar Makka da Madina. To, ga abin da ya kamata a sani. Bizar Umra ko ta Hajji ta ibada ce, ba ta ba mutum izinin aiki. Wanda ya zauna bayan ta ƙare ya zama ɗan takari, kullum cikin ɓuya. In an kama shi, sai gidan tarhil, sai jirgi. A 2013 da 2017 hukumomin ƙasar sun yi manyan kamen baƙi marasa igama, kuma 'yan Nijeriya da yawa sun dawo ta haka.

Abu na biyu, dokar Saudiyya ta keɓe aikin gadi na kamfanonin tsaro ga 'yan ƙasa. Abin da baƙo kan samu shi ne gadin gida ko na gona, a ƙarƙashin kafili. Kafili shi ne wanda ya ɗauki nauyin shigowar ma'aikaci, kuma igamarsa a hannunsa take rataye. A watan Maris 2021 an sassauta wannan tsari ga ma'aikatan kamfanoni, amma sassaucin bai haɗa da masu gadin gida da direbobin gida da makiyaya ba. In ma'aikaci ya gudu daga kafili, kafilin kan kai rahotonsa, daga nan ya zama mai laifi a idon hukuma. Duk dillalin da ya yi alkawarin aikin kamfanin tsaro a Makka ko Jidda da bizar Umra, ƙarya yake yi.

KATAR DA DUBAI

Waɗannan wurare suna ɗaukar baƙi aikin gadi da yawa, daga Afirka da Asiya. Ƙasar Katar ta sa mafi ƙarancin albashi, wanda ya fara aiki a watan Maris 2021. Riyal 1,000 ne a wata. In kamfani bai ba da wurin kwana ba zai ƙara riyal 500, in bai ba da abinci ba zai ƙara 300. Doka ta ce aiki awa takwas ne a rana, in da ƙari kada ya wuce awa goma, kuma a biya kuɗin ƙarin. Ta ce a ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya a mako. Ta hana kamfani riƙe fasfon ma'aikaci, ta hana a karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga hannunsa.

Wannan shi ne abin da ke rubuce. A watan Afrilu 2022, gab da gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Katar, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty International ta fitar da rahoto. Ta zanta da masu gadi 34 na kamfanoni takwas. Mafi yawansu sun ce awa 12 suke yi kullum. Sun ce sukan yi watanni ba hutun kwana ɗaya, wanda ya huta kuma a yanke masa albashi. Wasu a rana ake tsai da su, a ƙasar da zafinta kan wuce na Sakkwato a watan Afrilu, ga kuma gumi mai naso. Wani maigadi ɗan Kenya mai suna Malcolm Bidali ya yi ta rubuta halin da suke ciki. A watan Mayu 2021 aka kama shi aka tsare, daga baya aka ci shi tara ya bar ƙasar.

A Dubai ma bizar ziyara ba ta aiki ba ce. Akwai waɗanda aka tura da ita, aka ce in sun isa za a juya musu ita. Suka isa ba wanda ya tarbe su, biza ta ƙare, tara ta hau kansu kullum. Haka kuma ƙofar kan rufe ba shiri. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza a 2022, sai a watan Yuli 2024 aka sanar da dawo da ita.

HANYAR HAMADA

Wasu kan bi ta Illela, Ƙonni, Tawa, Agadas, su ratsa hamada zuwa Sabha a Libiya. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara. A 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake cinikin baƙi 'yan Afirka a Libiya kamar dabbobi a kara. Tun daga shekarar, hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta kwaso dubban 'yan Nijeriya daga can.

Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 Libiya ba ta zauna daidai ba. Baƙo na iya samun gadin gona ko gida, amma in aka hana shi haƙƙinsa ba inda zai kai ƙara. 'Yan bindiga kuma kan kama baƙi su tsare, su bugo wa dangi waya a aiko da kuɗin fansa.

SABON TARKO

Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a watan Fabrairu 2022, wani tarkon ya fito. Ana yi wa matasan Afirka alkawarin aikin gadi ko na direba a Rasha. In sun isa sai a miƙa musu takarda da harshen Rashanci su sa hannu. Ashe takardar shiga soja ce. A watan Nuwamba 2025 gwamnatin Afirka ta Kudu ta ce mutanenta 17 sun nemi ceto daga fagen yaƙin. A wannan watan gwamnatin Kenya ta ce 'yan ƙasarta sama da 200 suna cikin rundunar Rasha. Sa hannu a takardar da mutum bai san abin da ke cikinta ba na iya kai shi har bakin daga.

A YI LISSAFI TUKUNA

Riyal 1,000 in aka juya shi zuwa naira yakan yi kama da kuɗi mai yawa. Amma ga misali. A ce mutum ya ci bashin da ya kai riyal 7,000 don biyan dillali da fasfo da sauran hidima. Albashinsa riyal 1,000. Yana kashe 300 a kan katin waya da sabulu da ƙananan bukatu. Yana aika 300 gida don cefane. Saura 400. Da wannan 400 zai yi wata 18 kafin ya gama biyan bashi. Yarjejeniyar aiki yawanci ta shekara biyu ce, wato wata 24. Ke nan wata shida kawai zai tara wa kansa, abin da bai wuce riyal 2,400 da 'yan kai ba. Wannan kuma in bai yi ciwo ba, in ba a yanke masa albashi ba, in ba a jinkirta biya ba.

A shekara biyun nan damina biyu ta wuce ba shi a gona. In gonar a jingine take, mai jingina ne ya ci amfaninta. Duk wannan ya kamata ya shiga lissafi. Wanda kamfani ya biya masa tikiti da biza, kamar yadda doka ta ce, shi ne ke ganin riba. Wanda ya tafi da ƙaton bashi a wuya, mai bashi yake yi wa aiki.

ALAMOMIN DILLALIN ƘARYA

1. Ba shi da ofishi tsayayye, sai lambar waya. Ko kuma kullum yana canza wurin haɗuwa.

2. Ba ya iya nuna lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce duk mai ɗaukar mutane aiki zuwa waje sai da wannan lasisi.

3. Yana gaggawa. Yakan ce gurbi biyu ya rage, a kawo kuɗi kafin Juma'a.

4. Yana karɓar kuɗi ba rasit, ko ya ce a tura asusun wani mutum daban.

5. Ba ya faɗin sunan kamfanin da za a yi wa aiki, da garin da yake.

6. Yana cewa a tafi da bizar Umra ko ta ziyara, a gyara a can.

7. Yana cewa a ɓoye wa iyaye da maigari, wai don kada a yi baki.

8. Yana so a canza suna ko shekaru a fasfo.

In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a dakata. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wani lokaci ma dillalin ɗan gari ne, shi ma yaudararsa aka yi daga sama bai sani ba. Sanin mutum bai isa hujja ba, sai an ga takarda.

HANYAR ƘWARAI

Na farko, fasfo. Mutum ya je da kansa ofishin Hukumar Shige da Fice a Sakkwato, da lambarsa ta katin ɗan ƙasa. Daga 1 ga Satumba 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya zama naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Zuwa da kai ya fi aike.

Na biyu, binciken kamfanin da ke ɗaukar aikin. A kai sunansa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a tambaya ko yana da lasisi. A 2023 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181, wadda ta ce a ƙa'ida kamfanonin samar da aiki kada su caji ma'aikaci.

Na uku, takardar yarjejeniya. Tun a gida za a gan ta, ba a filin jirgi ba. Ta nuna sunan kamfani, irin aiki, albashi, awannin aiki, ranar hutu, wurin kwana, abinci, magani, tsawon yarjejeniya, da wanda zai biya tikitin dawowa. In da Turanci ko Larabci take, a kai wa malamin makaranta ko wani amintacce ya karanta ta layi-layi, ya fassara. Ba kunya a cikin tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, biza. A duba a tabbata ta aiki ce, kuma sunan kamfanin da ke cikinta shi ne na cikin yarjejeniya.

Na biyar, a yi kwafi uku na kowace takarda. Ɗaya a hannun mai tafiya, ɗaya a wurin iyali, ɗaya a wurin wani amintacce. A ɗauki hotonsu a waya kuma.

In an yi zargin yaudara ko fataucin mutane, akwai hukumar NAPTIP. An kafa ta a 2003, kuma tana da ofishin shiyya a Sakkwato. Ana iya kai ƙara wurin 'yan sanda, ko a fara da hakimi ya ba da shawara. Wanda aka cuta ya yi shiru saboda kunya, ya bar ƙofa a buɗe a cuci na bayansa.

RANAR TAFIYA DA BAYAN AN ISA

Kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan ƙullin yaji ne. Mutum ya ɗaure kayansa da hannunsa, ya ƙirga jakunkunansa, ya riƙe rasit ɗinsu. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya saboda jakar ƙwayoyi da wasu suka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Ƙwaya irin su taramol babban laifi ce a ƙasashen Larabawa, kuma a Saudiyya safarar miyagun ƙwayoyi na iya kai mutum ga hukuncin kisa. Goro ma hukumar alhazai kan yi gargaɗi kada a kai shi Saudiyya. Layu da guraye da ƙullin magani su ma kan jawo tuhuma. Mai shan maganin asibiti ya riƙe takardar likita.

In an isa, a nemi adireshi da lambar ofishin jakadancin Nijeriya a ajiye. A Abuja kuma akwai hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Nijeriya mazauna waje, iyali na iya kai mata kuka. Fasfo ya zauna a hannun mai shi. In aka kawo sabuwar takarda mai albashi ƙasa da na farko, kada a yi saurin sa hannu. Mutum ya riƙa rubuta ranakun da ya yi aiki da awanninsa a ɗan littafi. Ranar da aka je gaban hukumar ƙwadago, wannan littafi shi ne shaidarsa.

Maigadi ba ɗan sanda ba ne. Aikinsa ya lura, ya hana shiga, ya sanar da na gaba da shi. In ya doki ɓarawo ya ji masa rauni, yana iya zama shi ne a gidan yari. Baƙo ya kiyaye dokar garin da ya tarar, ya nisanci faɗa da caca da cin bashi.

GIDAN DA AKA BARI

Kafin a tafi a zauna da iyaye da mata a yi magana a fili. Wa zai ciyar da gida kafin albashin farko ya iso? Wa zai yi noma? Wa zai kai yaro asibiti cikin dare? Haƙƙin mata da 'ya'ya ba ya faɗuwa don miji ya yi nisa. A nemi shawarar malamai a kan tsawon lokacin da ya dace magidanci ya yi ba ya gida.

In tilas ta sa an jinginar da gona, a rubuta. A sa adadin kuɗi, da iyakar gona, da sharaɗin fansa, a gaban maigari da shaidu. Rigimar gona da yawa daga jinginar baka take farawa, musamman in ɗaya daga cikin masu maganar ya rasu.

Kuɗin da ake aikowa su bi ta banki, a asusun da ke ɗauke da sunan mai shi ko na wanda ya wakilta. A ware na ci, a ware na ajiya. A sa wa tafiyar manufa tun farko: fansar gona, ko shanun huɗa, ko injin ban ruwa don noman albasa da tumatir a fadama, ko jarin kiwo. Gadi aiki ne na masu sauran ƙarfi. Ranar da ƙafa ta gaji da tsayuwa, abin da aka kafa a Sifawa ko Danchadi, a Kajiji ko Dandin Mahe, shi mutum zai dawo ya tarar.

KAMMALAWA

Jama'a, a taƙaice abubuwa biyar ne. A yi fasfo ta hanyar hukuma. A tabbatar da lasisin mai ɗaukar aiki. A karanta yarjejeniya tun a gida. A tafi da bizar aiki. A yi lissafin bashi kafin a taɓa gona ko dabba.

Ana roƙon iyayen ƙasa da limamai su riƙa tambayar duk baƙon da ya shigo gari yana tara sunayen matasa. Ana roƙon waɗanda suka je suka dawo su faɗi gaskiyar abin da suka gani, daɗinsa da wuyarsa. Wanda ya karanta wannan jawabi kuma ya karanta wa wanda bai samu gani ba, a majalisa ko a gida.

Allah ya tsare matafiya, ya dawo da su lafiya, ya sa albarka a abin da suka samo.